Tambayoyi da Amsoshi Kan Sayen Kayan Biki na Indiya a Shagon Masu Zayyanar Sutura

Wanda ya saba ganin suturar Indiyawa a fina-finai yakan ɗauka cewa sayenta bai wuce shiga shago a nuna a biya ba. Sai ranar da aka gayyace shi bikin wani abokin karatu a Delhi, ko ya yi niyyar saya wa 'yarsa kayan da za ta sa a ɗaya daga cikin ranakun bikinta, sannan zai tarar cewa abin yana da sunaye da ƙa'idoji da lokuta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai saye ya fi bukatar amsarsu kafin ya ciro kuɗinsa.

Me ya bambanta shagon mai zayyanar sutura da sauran shagunan kasuwa?

A kasuwa ana sayar da abin da aka riga aka ɗinka da yawa, mai saye ya ɗauki wanda ya yi masa daidai ko ya kai wa tela ya rage. A shagon mai zayyana kuwa, galibin kayan amarya da aka rataye samfuri ne kawai. Idan mace ta ga wanda ya kwanta mata, sai a auna ta, a rubuta launin da take so da gyare-gyaren da ta nema, sannan a fara yi mata nata daga farko. Shagunan iri biyu ne. Akwai na mutum ɗaya da ke ɗauke da sunansa, kamar na Sabyasachi Mukherjee ɗan Kolkata wanda ya kafa kamfaninsa a 1999, ko na Manish Malhotra da ya yi suna wajen shirya wa taurarin fim sutura a Mumbai, ko na Anita Dongre da Ritu Kumar. Akwai kuma waɗanda ke tara aikin masu zayyana da dama a wuri guda, kamar Ensemble da aka buɗe a Mumbai a 1987, wanda Tarun Tahiliani yana cikin waɗanda suka kafa shi, da Ogaan da Aza da Pernia's Pop-Up Shop. Ga baƙon da bai san hannun kowa ba tukuna, nau'i na biyu ya fi amfani, domin a wuni ɗaya zai kwatanta aikin mutum goma ba tare da ya sha cunkoson titi ba.

Waɗanne sunaye ne ya kamata in sani kafin in shiga?

Na farko shi ne lehenga, wato dogon siket mai faɗi da ake haɗawa da gajeriyar riga mai suna choli da mayafi mai suna dupatta. Shi ne kayan amarya a mafi yawan arewacin Indiya. Faɗinsa yana fitowa ne daga ƙyallaye masu siffar dala da ake jerawa, waɗanda ake kira kali, kuma yawansu ne ke sa siket ya buɗe idan aka juya. Na biyu shi ne sari, wanda ba shi da wata alaƙa da sarin kaya na 'yan kasuwarmu sai kamannin suna. Yadi ne guda da ba a ɗinka ba, tsawonsa yakan kai mita biyar da rabi, ana naɗa shi a kan siket na ciki, kuma gefen da ake yafawa a kafaɗa shi ake kira pallu. A jihar Maharashtra akwai mai yadi tara da ake kira nauvari. Bayan waɗannan akwai anarkali, doguwar riga da ke matsewa a ƙirji ta baje a ƙasa, sai sharara da gharara, waɗanda wanduna ne masu faɗin ƙafa da ake sawa da riga. Gharara ta yi fice a tsakanin Musulmin Lucknow, kuma ana gane ta da tattarar da ke daidai gwiwa.

A ɓangaren maza akwai sherwani, doguwar kwat mai maɓallai da ke sauka ƙasa da gwiwa, wadda ango ke sawa da matsattsen wando mai suna churidar da rawani mai suna safa. Bandhgala gajeriyar kwat ce mai rufaffen wuya da ake dangantawa da Jodhpur. Kurta kuwa ita ce riga mai sauƙi da ta yi kama da kaftani, kuma ita ce abin da ɗan gayya zai fi sawa.

An gayyace ni bikin kwana uku. Shin kaya ɗaya zai wadatar?

Ba zai wadatar ba, amma kuma ba lallai ne duka su fito daga shago mai tsada ba. Bikin Indiyawa, kamar namu, jerin taruka ne, kowanne da yanayinsa. A ranar haldi ana shafa wa ango da amarya kwaɓin kurkum, mutane kan sa rawaya, kuma duk wanda ya matso kusa zai iya komawa gida da tabon da ba ya fita, saboda haka kuskure ne a sa siliki mai tsada a wannan rana. Ranar mehndi ita ce ranar lalle, ana son kaya marasa nauyi masu gajeren hannu. Daren sangeet na kiɗa da rawa ne, kayan da ba za a iya motsi a cikinsu ba ba su dace ba. Ranar ɗaurin aure da liyafar da ke biyo baya su ne wuraren da ya dace a kashe kuɗi a kansu.

Batun launi yana bukatar kulawa. A auren mabiya addinin Hindu na arewa, ja launin amarya ne, kuma ladabi ne 'yar gayya ta bar mata shi. Fari zalla ana danganta shi da makoki a wurin yawancinsu, baƙi kuma wasu iyalai ba sa son ganinsa a wajen ibadar aure, ko da yake a liyafar dare ya zama ruwan dare. Wannan ba doka ce ta ƙasa baki ɗaya ba, domin a Kerala farin sari mai bakin zinare da ake kira kasavu shi ne kayan alfarma, amaryar Gujarat kuma tana sa panetar mai fari da ja. A auren mabiya addinin Sikh da ake yi a wurin ibadarsu, maza da mata duka suna rufe kai kuma ana zama a ƙasa, don haka matsattsen kaya zai wahalar da mai shi. Abin da ya fi sauƙi shi ne a tambayi masu gayya daga wane yanki suke da kuma wane addini suke bi, sannan a faɗa wa ma'aikatan shagon, domin wannan ita ce tambayar farko da ƙwararren ma'aikaci zai yi.

Yaushe ya kamata in fara?

Idan kayan amarya ne da za a yi daga farko, a ba shi wata uku zuwa shida, kuma wanda ya zo da wuri shi ke samun damar neman gyara. Lokacin aure a Indiya ya fi zafi daga Nuwamba zuwa Fabarairu, sai kuma wajejen Afirilu da Mayu, saboda mabiya Hindu suna zaɓar ranaku ne bisa lissafin taurari, wanda ke sa dubban bukukuwa su taru a rana guda. Idan aka haɗa da Diwali, bikin fitilu da ke faɗowa a Oktoba ko Nuwamba, za a ga cewa daga Satumba masu surfani ba su da sararin numfashi. Kayan 'yan gayya da aka riga aka ɗinka ba sa bukatar wannan jira, gyaransu yakan ɗauki kwanaki kaɗan zuwa mako biyu. Baƙon da zai yi sati ɗaya kacal a ƙasar ya faɗi ranar tafiyarsa tun a zaman farko, kada ya bari sai an gama ciniki.

Me ya sa farashin ya yi tsada haka?

Wani kaso na kuɗin suna ake saye, wannan ba a musunsa. Manyan masu zayyana sun zama kamfanoni na gaske, har ta kai a 2021 kamfanin Aditya Birla Fashion ya sayi kashi 51 cikin ɗari na kamfanin Sabyasachi, kamfanin Reliance Brands kuma ya sayi kashi 40 cikin ɗari na na Manish Malhotra. Hayar shaguna a unguwannin masu hali da tallace-tallace duk suna shiga farashin. Amma kaso mafi girma a kaya masu kyau lokacin ɗan Adam ne, kuma shi ne abin da mai saye ya kamata ya koyi karantawa a jikin yadi.

Ga misali aikin zardozi, kalmar da ta fito daga Farisanci, inda zar ke nufin zinare, dozi kuma ɗinki. Ana miƙe yadi a kan wani faffaɗan katako da ake kira adda, masu aiki huɗu ko shida su zauna kewaye da shi a ƙasa, suna dasa zaren ƙarfe da duwatsu da ƙananan ƙyalƙyali ɗaya bayan ɗaya. Siket guda na amarya zai iya cinye musu makonni. Chikankari na Lucknow surfani ne na farin zare a kan yadi mai shara-shara, wanda mata ke yi da allura a gidajensu, kuma mai kyansa yana da tsada duk da cewa ba ya ƙyalli ko kaɗan. Gota patti na Jaipur kuwa ƙananan ƙyallayen zinare ne da ake naɗewa kamar ganye a jera su, ba shi da nauyin zardozi, shi ya sa ya dace da taron rana. Bandhani na Gujarat da Rajasthan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin aikin marinar Ƙofar Mata a Kano, domin ɗaure yadi ake yi da zare kafin a tsoma a rini, sai dai ɗaurin nasu ƙanana ne ƙwarai, kuma ƙanƙantar ɗigon da yawansa su ne ma'aunin daraja. Patola na garin Patan ya fi su duka wahala, saboda ana rina zaren tsaye da na kwance tun kafin saƙa, ta yadda zanen zai haɗu daidai a kan masaƙa, kuma sari ɗaya yakan ɗauki watanni.

Hanya mafi sauƙi ta gane aikin hannu ita ce a juya yadin a dubi bayansa. Aikin inji yakan fito sumul, kowane fure tamkar ɗan'uwansa, da zare ɗaya yana bin baya a jere. Aikin hannu yana da ƙananan ƙulli da 'yan bambance-bambance. A kuma duba ko duwatsun ɗinke su aka yi ko manna su aka yi da gam, domin waɗanda aka manna sukan fara zuba tun a daren farko.

Ta yaya zan tabbatar siliki da zaren zinaren na gaske ne?

Ga siliki akwai tambarin Silk Mark da aka fara amfani da shi a 2004 ƙarƙashin hukumar siliki ta ƙasar, kuma akwai Handloom Mark na kayan da aka saƙa da hannu. Sarin Banarasi na birnin Varanasi da na Kanchipuram a jihar Tamil Nadu suna da rajistar da ta keɓe sunan ga abin da aka saƙa a yankunansu, amma wannan bai hana cika kasuwa da na inji masu ɗauke da sunan ba. Sarin Kanchipuram na asali yana da wata alama, wato ana saƙa jikinsa da bakinsa da zare mabambanta sannan a sarƙe su, kuma ana iya ganin mahaɗar idan aka duba da kyau. Tsohon gwajin ƙona zare har yanzu yana aiki, domin siliki yana warin ƙonannen gashi ya bar toka mai murƙushewa, na roba kuma narkewa yake yi ya dunƙule, sai dai ba kowane shago ne zai yarda a kunna ashana a cikinsa ba.

Zaren zinare da ake kira zari, wanda birnin Surat ne cibiyar yinsa, hawa-hawa ne. Na asali waya ce ta azurfa da aka naɗe a kan siliki aka shafe ta da zinare. Na tsakiya da tagulla ake yin sa, na ƙasa kuma roba ce mai ƙyalli. Babu laifi a sayi na tsakiya ko na ƙasa idan an san abin da ake saye, laifin shi ne a biya kuɗin na asali a kansu. Saboda haka a nemi a rubuta nau'in yadi da nau'in zari a jikin rasit, domin mai shagon da ya ƙi rubuta abin da ya faɗa da baki ya riga ya ba da amsa.

Ana taya kaya a irin waɗannan shaguna?

A manyan shagunan masu zayyana ba a tayawa, farashi a rubuce yake. Abin da ake iya samu shi ne rangwamen ƙarshen kaka ko sayen samfurin da aka rataye. A ƙananan shagunan unguwar Shahpur Jat da ke Delhi ana iya neman ragi cikin mutunci, a tsohuwar kasuwar birnin ta Chandni Chowk kuwa wanda bai taya ba ya yi kyauta.

Mace Musulma za ta sami abin da zai suturta ta? Namiji fa, yaya batun siliki?

Za ta samu cikin sauƙi, domin Indiya na cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi a duniya, kuma masu zayyana sun saba da wannan bukata. Anarkali da sharara da gharara duka suna rufe jiki. Idan lehenga take so, za ta iya neman a tsawaita rigar ta sauko har ƙugu, a sa dogon hannu, a rufe baya da wuya, a kuma sa shafi a duk inda yadin yake shara-shara. Amare da yawa suna amfani da mayafi biyu, mai nauyi a kafaɗa, mara nauyi a ka, kuma wannan tsari ya dace da mai son rufe gashinta. A Hyderabad akwai khada dupatta, dogon mayafi da amaren Musulmi ke naɗawa a kan riga da wando. Abin lura kawai shi ne a nemi waɗannan sauye-sauye tun ranar awo, domin ƙara hannu bayan an gama surfani yakan bar mahaɗa mai bayyana.

Ga namiji mai kiyaye hanin sa alharini da zinare, tambayar tana da muhimmanci, saboda yawancin sherwani da siliki ake yin su. Ana iya neman na auduga ko na ulu ko na karammiskin da ba na siliki ba. Wannan damuwa tsohuwa ce a ƙasar, har ta haifar da yadin mashru da ake saƙawa a Gujarat, mai siliki a waje da auduga a ɓangaren da ke taɓa fata, wanda sunansa ya fito daga kalmar Larabci mai nufin abin da shari'a ta yarda da shi. Hukuncin gaurayen yadi irin wannan kuwa malamai ake tambaya, ba ma'aikacin shago ba.

Me zan tanada don ranar awo da gwaji?

Manyan shaguna suna son a nemi lokaci tun kafin a je, musamman ɓangaren amare. A je da takalmin da za a sa ranar bikin, domin da shi ake auna tsawon siket, kuma inci biyu na bambanci ya isa ya sa mace ta riƙa take bakin kayanta. Da inci ake awo, kuma lambobin girma na wani shago ba sa dacewa da na wani. A nemi a bar rarar yadi a cikin ɗinkin riga saboda jiki yana sauyawa cikin wata huɗu. Lokacin gwaji kada a tsaya gaban madubi kawai. A zauna, a ɗaga hannu, a taka matakala idan akwai, domin lehengar amarya mai cikakken surfani tana iya wuce kilo 10, kuma za a wuni da ita. Idan nauyin ya yi yawa, ana iya rage ragar da ake sawa a ciki don ta buɗe siket. Game da 'yan rakiya, mutum biyu masu faɗin gaskiya sun fi ayari, domin ra'ayi bakwai ba ya zaɓen launi ɗaya.

Wadda ta sayi sari ta tuna cewa aiki bai ƙare ba. Akan haɗo shi da ƙyallen riga da ba a ɗinka ba, ana bukatar siket na ciki mai launinsa, sannan a ɗinka masa wani siririn ƙyalle a ƙasa don ya zauna, a kuma kalmashe gefunansa. Wadda ba ta iya naɗi ba za ta iya neman wanda aka riga aka tattare, da ake ɗaurawa kamar siket.

A wane gari ya fi dacewa in yi sayayya?

Delhi ce ta fi tara komai. Manyan masu zayyana suna Mehrauli kusa da hasumiyar Qutub Minar da kuma rukunin shagunan DLF Emporio a unguwar Vasant Kunj, matasa masu tasowa suna lungunan Shahpur Jat, tsohuwar kasuwa kuma tana Chandni Chowk, wadda ta samo asali tun zamanin Sarki Shah Jahan. A Mumbai unguwar Kala Ghoda ce matattarar shagunan alfarma. Mai neman sarin siliki na kudu ya nufi T. Nagar a Chennai, inda shagon Nalli da aka kafa a 1928 yake. Hyderabad tana da unguwar Banjara Hills, da kasuwar Laad Bazaar kusa da tsohon ginin Charminar don awarwaro. Wanda ba zai kai Indiya ba zai sami kaya a Meena Bazaar da ke Dubai ko Southall a Landan, amma zaɓin ya fi ƙaranci.

Kwaikwayon aikin manyan masu zayyana da ake sayarwa da arha fa?

Akwai su birjik, kuma a hoto da wuya a bambance. A jiki ne bambancin ke fitowa, wajen nauyin yadi da zaman riga da ƙarkon surfani. A ganina, wanda kuɗinsa bai kai na babban suna ba ya fi cin riba idan ya je wurin ƙaramin mai zayyana ya sayi aikinsa na kansa, maimakon jabun aikin wani.

Yaya ake biya, kuma ana iya mayar da kaya?

Ana lissafi da kuɗin Indiya, wato rupee, kuma za a riƙa jin kalmar lakh, wato 100,000, da crore, wato miliyan 10. Kayan amarya na manyan sunaye ana ƙirga su ne da lakh da dama. Tun 2017 dokar haraji ta hana karɓar tsabar kuɗi da suka kai lakh biyu a ciniki guda, don haka sai a tanadi katin banki da ke aiki a ƙasar waje ko a shirya turawa ta banki. Akan biya kafin alƙalami mai tsoka lokacin ba da aiki, a cika kafin karɓa. A tambaya ko farashin ya haɗa da harajin GST, da kuɗin gyara, da mayafi na biyu. Kayan da aka yi bisa awon mutum ba a mayar da su, kuma kafin alƙalamin ba ya dawowa, don haka a tabbatar an rubuta ranar karɓa, an kuma maƙala ɗan ƙyallen launin da aka zaɓa a takarda. Wannan ya fi muhimmanci ga mai saye ta intanet, saboda allon waya yana sauya launi, kuma kuɗin kwastan a ƙasar mai saye yawanci a wuyansa yake.

Kayan bukukuwan shekara sun bambanta da na aure?

Sun fi sauƙi da arha, kuma yawancinsu a ɗinke suke. Don Diwali ana sa kurta ko sari mara nauyi irin Chanderi na Madhya Pradesh, kuma tunda dare ne na fitilun mai da tartsatsin wuta, auduga ta fi yadin roba aminci. A darare tara na Navratri, matan Gujarat suna rawar garba da chaniya choli mai ƙananan madubai. Lokacin Sallah sharara da anarkali da chikankari ne ke tashe. A bikin Holi kuwa galibi tsofaffin kaya ake sawa saboda garin launi da ake watsawa.

Yaya zan ɗauko kayan, kuma yaya zan adana su?

A auna nauyinsu kafin zuwa filin jirgi, domin lehenga ɗaya da akwatinta na iya cinye rabin kilo 23 da kamfanonin jirage da yawa ke bayarwa ga jaka guda. Idan an iso, a fitar da su daga leda, saboda leda tana riƙe danshi, danshi kuma yana baƙanta zari. A naɗe su cikin farin ƙyallen auduga, a juya surfanin ciki, a sa siririyar takarda tsakanin ninki don kada duwatsu su kama zare. Siket mai nauyi ba a rataye shi, kwantar da shi ake yi, in ba haka ba nauyinsa zai ja ɗinkin ƙugu. Ba a fesa turare kai tsaye a kan zari, kuma masu son turara kaya da turaren wuta su yi hattara, domin hayaƙi da maiƙonsa suna dusashe ƙyallin ƙarfe. Kafur ma kada ya taɓa yadin. Wanki sai wurin ƙwararrun da ba sa amfani da ruwa, kuma a nuna musu duk tabon da ya samu tun da wuri. Sarin siliki kuma a riƙa fito da shi duk bayan wata uku ko huɗu, ya sha iska a inuwa, a sauya masa layin ninki, domin idan ya daɗe a ninki ɗaya a nan yake fara tsagewa.